Kurakuran da samarinmu suke yi wajen neman karatun ilimin motsa jiki

Duk shekara da zarar sakamakon bak, wato jarrabawar kammala sakandare, ya fito, sai ka ji wasu samari a Garwa da Marwa suna cewa za su je karatun wasanni. In ka matsa musu da tambaya, abin da yawancinsu suke nufi shi ne su ci gaba da buga ƙwallo, a ƙarshe a miƙa musu takarda. Daga nan duk sauran kurakuran suke tasowa. Wannan fanni na ilimin motsa jiki, wanda ake kira STAPS da Faransanci, ilimin kimiyya ne. Za a zaunar da kai ka koyi sunayen ƙasusuwa da tsokoki, yadda zuciya da huhu suke aiki idan mutum yana gudu, yadda gaɓa take ɗaukar nauyi, halayyar yara, da dabarun koyarwa. Wanda ya yi wasa da darasin ilimin halittu a lise, ko ba ya iya rubuta shafi guda da Faransanci mai tsafta, zai sha wuya ko da shi ne gwanin unguwarsu. Gyaran shi ne ka koma kan littafin halittu tun kafin konkur, wato jarrabawar neman shiga makarantar, ka riƙa rubutu kullum wani malami yana duba maka.

Sai kuma rashin sanin ƙofar da za a ƙwanƙwasa. INJS, wato cibiyar matasa da wasanni ta ƙasa da ke Yawunde, ita ce babbar makarantar da take horar da malaman motsa jiki na sakandare, kuma da konkur ake shigarta. Nan gida Garwa akwai CENAJES, ɗaya daga cikin cibiyoyin horar da malaman wasanni da gwamnati ta kafa, kamar na Dschang da Bertoua da Kribi da Bamenda. 'Yan'uwanmu na Cadi su ma suna da tasu INJS a Njamena. Ka karanta sanarwar shekarar da idonka, ka duba iyakar shekaru da takardun da ake nema. Kada ka dogara da "an ce".

Inda na fi damuwa shi ne shirin gwajin jiki. Yaro zai kwana wata shida bai motsa ba, saura mako biyu ya fito gudu da tsakar rana a watan Maris ko Afrilu, lokacin da zafin Garwa yake wuce digiri 40, wai yana ƙarfafa jiki. Wannan ganganci ne. Jiki a hankali yake karɓar horo, kuma zafi yana iya kayar da mai ƙarfi: jiri, ciwon kai, amai, rikicewar magana, duk alamu ne cewa a tsaya nan take, a shiga inuwa, a jiƙa jiki da ruwa, in hankali ya fara gushewa a garzaya asibiti. Ka fara wata uku ko huɗu kafin lokaci, bayan sallar asuba ko da yamma likis, kana ƙara nisa kaɗan-kaɗan. In azumi ya zo, ka rage nauyin horon, ka mai da mai tsanani bayan shan ruwa. Kuma kada ka tsaya kan ƙwallo kaɗai. Gudu da tsalle da jifa kowanne da tasa dabarar.

Takardar likita ma mutane sun mai da ita abin cika fayil. Duk ɗan Kamaru ya san yadda ɗan ƙwallonmu Marc-Vivien Foé ya faɗi a fili ya rasu a birnin Lyon a watan Yuni na 2003, ana wasa da Kolombiya, kuma ciwon zuciya ne wanda ido ba ya gani. In likita bai saurari ƙirjinka ba, bai auna jininka ba, to ka roƙe shi ya yi. Wanda a gidansu aka taɓa yin mutuwar fuju'a ta matashi, ko yake jin ciwon ƙirji in yana gudu, ya faɗa, kada ya ɓoye don tsoron a hana shi.

Wasu kuma suna ɗauka suna gamawa sun zama masu gashin ƙashi na asibiti, waɗanda ake kira kine. Wannan karatu ne daban a makarantun kiwon lafiya. Kai naka shi ne tsara horo da kare rauni, jinya ta masu ita ce.

Bayan an gama, da yawa sukan naɗe hannu suna jiran gwamnati ta ɗauke su. Koyarwa aiki ne mai daraja, amma ba ita kaɗai ba ce. Ƙungiya irin Coton Sport ta Garwa, wadda ta kai wasan ƙarshe na kofin zakarun Afirka a 2008 kuma ta fito da Vincent Aboubakar, ba da 'yan wasa kaɗai take tafiya ba, akwai masu kula da ƙarfin jikinsu. Mai son zama koci ya nemi lasisin CAF, hukumar ƙwallon Afirka, ta hannun FECAFOOT, hukumar ƙwallon Kamaru, tun yana ɗalibi, ya riƙa horar da yaran unguwa don hannunsa ya faɗa. Ga kuma iyayenmu masu hawan jini da ciwon suga, likita ya ce su motsa jiki, ba su san ta ina za su fara ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya samu aƙalla minti 150 a mako na motsa jiki matsakaici. Wa zai tsara wa Alhaji mai shekara 60 wannan ba tare da gwiwarsa ta lalace ba?

Iyaye kuma ina roƙonku game da 'yan mata. Hajiyoyi da yawa suna son motsa jiki amma ba za su yi a gaban namiji ba, kuma gaskiyarsu ce. Idan muka hana 'ya'yanmu mata wannan karatu, babu wadda za ta koya musu. Yarinya tana iya yin sa da suturarta ta mutunci, ta dawo ta buɗe wuri na mata zalla a Garwa ko Ngaundere, ta ci halaliyarta.