Yadda za ka riƙa sauyawa tsakanin kibod na waje da na kan sikirin a wayarka

Wani ƙanena da ke karatun Hausa nan Gusau ya sayo ɗan kibod na bulutut don ya yi taifin ɗin furojet ɗinshi da waya tunda laftof ta fi ƙarfin aljihu, kwana biyu sai ga shi ya taho min fuska a murtuke wai yaya kibod ɗin nan ya ɓata min waya. Mi ya faru? Yana jona na wajen sai na kan sikirin ya ɓace, shi kuma aikinshi cike yake da ƙ da ɗ da ɓ, kibod ɗin da ya saya na Turawa ne ba ya da su, ƙasa ta koma kasa, ɗaki ya koma daki, ai malamin Hausa ba zai bar wannan ya wuce ba.

To ba lalacewa ba ce, haka anka yi Android, in ta ji an jona kibod na waje sai ta ɗauka ba ka buƙatar nata ta ɓoye shi. Akwai wurin da za ka ce mata a'a ina son duka biyu.

Farko dai ka jona. In na bulutut ne ka kunna shi ka danne maɓallin haɗawa har fitilar ta fara ƙyaftawa, ka shiga bulutut ɗin wayar ka zaɓi sunanshi, wani lokaci waya za ta nuna maka lambobi, a kan kibod ɗin na waje za ka buga su ka danna Enter, nan mutane da yawa ke maƙalewa suna jiran abu ya faru da kanshi. In mai igiya ne irin na kwamfutar tebur sai ka nemi ɗan kan OTG, wato ɗan abin da ke haɗa igiyar kibod da bakin cajin waya, ka duba bakin cajin wayarka tukuna ko Type-C ne ko tsohon ƙaramin bakin nan, kar ka sawo wanda ba zai shiga ba. Wasu wayoyin sai ka shiga setin ka kunna OTG da hannunka, na Oppo ma in ya yi minti 10 ba a amfani da shi kashe kanshi yake.

Yanzu ainihin maganar. Kibod ɗin yana jone, ka shiga setin, ka gangara wurin sistem, sai wurin harsuna da shigar da rubutu, za ka ga an rubuta Physical keyboard, ka shiga ciki akwai wani ɗan makunni na nuna kibod ɗin kan sikirin, ka kunna shi, shi ke nan. Tun Android 7 da ya fito a 2016 abin yana nan, sunan ne ke ɗan canzawa daga waya zuwa waya. A Samsung yana ƙarƙashin General management. Masu Tecno da Infinix da itel, wato mu ke nan mafi yawa, in kun rasa shi kar ku sha wahalar zagaye, ku rubuta Physical keyboard a wurin binciken da ke saman setin zai fito.

Da ka kunna, duk inda ka taɓa wurin rubutu na sikirin zai taso kuma na wajen bai daina aiki ba. Abin da na koya ma yaron nan shi ne ya sa Hausa cikin harsunan Gboard, wato kibod ɗin Google na kan sikirin, ya yi ta zuba rubutunshi da na waje, in ya iso kalma mai lanƙwasa ya kai yatsa kan sikirin ya danne k ya riƙe ƙ ta fito, haka d da b. Ni dai a ganina ya fi sauƙi ka gama sakin layi ɗaya sannan ka dawo ka bi su ɗaya bayan ɗaya, don ɗaga hannu kowane minti yana katse tunani, amma shi ya ce mantawa yake, kowa da yadda ya fi mishi.

Illar kawai kibod ɗin sikirin yana cinye kusan rabin fuskar waya, in ka kwantar da ita ma layi biyu ko uku za ka riƙa gani. In ya tsare maka ka danna alamar komawa baya sau ɗaya zai sauka, ka sake taɓa rubutun ya dawo. Ko ka mai da shi mai yawo a Gboard ka ja shi gefe ya zama ƙarami.

Canza harshe daga kibod na waje kuma Ctrl da dogon maɓallin tazara ne, a Samsung Shift da tazara.

Masu iPad, akwai ɗan hoton kibod can ƙasan sikirin, ka taɓa shi ka zaɓi nuna kibod. iPhone ce mai taurin kai, in kibod ɗinka ba ya da maɓallin da ke kiran na sikirin sai dai ka kashe shi.

Wani abu da ke ruɗa mutane, har akwai wanda na sani ya hau mashin ya kai wayarshi wurin mai gyara a kasuwa: ka gama aiki ka jefa kibod cikin jaka ba ka kashe ba, bulutut kuma yana kai wajen mita 10, kana zaune tsakar gida ka buɗe WhatsApp za ka mai da ma mutum amsa kibod ya ƙi fitowa, ashe wayar tana nan manne da wanda ke cikin ɗaki. Ka jawo saman sikirin ka kashe bulutut nan take zai dawo. Haka ma ɗan abin nan na linzamin kwamfuta mara igiya da ake soka wa waya, wasunsu waya na ɗaukar su a matsayin kibod, ka zare shi ka gani kafin ka fara zargin wayar.