Kurakuran da muke yi da tuwon biri, da yadda za a gyara su

Shekarun baya in ka shiga wajen masu kayan marmari a kasuwar tashar jirgin ƙasa ta Kaduna, ba kasafai za ka ji mai tambayar wannan koren ɗan itace mai ƙaya-ƙaya a jiki ba. Yanzu kuwa kafin a gama sauke kwando an yi wawarsa. Masu sayarwa sawasof suke ce masa, wasu kuma tuwon biri. Asalinsa daga tsibiran Karebiyan da Amurka ta Tsakiya ne, kuma ya fi son ƙasa mai damshi, shi ya sa galibi daga Kudu ake kawo mana shi.

Ɗan itace ne mai amfani, wannan babu ja. A giram 100 na farin naman cikinsa akwai bitamin C kimanin miligiram 20, da fotasiyam kusan miligiram 280, da zare-zaren nan masu taimaka wa hanji ya sauke bayan gida ba wahala. Sai dai abin da ya tada kasuwarsa saƙonnin WhatsApp ne masu cewa yana maganin sankara, kuma daga nan kuskuren da ya fi kowanne muni ya faro.

Wata ƙanwar mahaifiyata ta ji ƙulli a mamanta, aka auna a asibiti aka ce a yi aiki. Tsoron wuƙa ya kama ta, sai wata ƙawarta ta kawo mata busasshen ganyen tuwon biri cike da leda. Ranar da na je gaishe ta na tarar da tukunya a kan kurfoti, ruwan ya yi ja kamar shayi. Na ce, “Inna, kin koma wajen likita kuwa?” Ta ce, “Ɗan nan, ai Allah ya kawo sauƙi, ga magani nan ina sha safe da yamma.” Watanni ta yi a haka. Lokacin da ta yarda aka mayar da ita, ƙullin da a da bai fi ƙwallon dabino ba ya riga ya kai hammata. Har yau ina jin ciwon shirun da na yi a ranar, da ban tsaya na lallashe ta ba.

Ga inda maganar ta samo tushe. A cikin ganyen da ƙwallon akwai wasu sinadarai da aka ga suna kashe ƙwayoyin sankara a ɗakin gwaje-gwaje, da kuma a jikin ɓeraye. To amma kashe ƙwayar cuta a cikin faranti daban, warkar da mutum mai hanta da ƙoda da jini daban. Ba a yi gwajin da ya nuna yana warkar da sankara a jikin ɗan Adam ba, kuma ƙungiyar Cancer Research UK ta Birtaniya ta fito fili ta faɗi haka. Gyara a nan ɗaya ne: wanda aka ce yana da sankara kada ya bar maganin asibiti saboda ganye. Muna da masu duba wannan ciwo a asibitin koyarwa na Shika, kusa da mu a Zariya. In mara lafiya yana sha'awar ɗan itacen, ya tambayi likitansa, ya sha shi a matsayin marmari.

Sai masu dafa ganyen kullum suna kurɓa kamar ruwan bunu, wai don rigakafi, alhali lafiyarsu ƙalau. Wannan ma yana damuna ƙwarai, domin sinadarin da ake yabo shi ne kuma abin tsoron. Sunansa anonasin, kuma aikinsa shi ne toshe hanyar da ƙwayoyin jiki ke samar wa kansu ƙarfi. Ba ya bambance mai cuta da mai lafiya, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kuwa ba sa jure irin wannan yunwa. A 1999 likitoci suka wallafa a mujallar Lancet abin da suka gani a tsibirin Gwadalup da ke yankin Karebiyan: mutane da yawa masu wani ciwo mai kama da cutar karkarwa ta Fakinsan, wanda ba ya jin maganin da aka saba bayarwa, kuma mafi yawansu sun daɗe suna cin 'ya'yan wannan dangin itace suna shan shayin ganyensa. Haɗarin yana wajen yawan sha ne da daɗewa ana yi. Wanda ya sha ɗan itacen jefi-jefi a lokacinsa ba shi ake ji wa tsoro ba. A sauke tukunyar ganyen nan ta kullum. Mai juna biyu da mai shayarwa, da duk wanda hannunsa ya fara karkarwa, su nisanci ganyen gaba ɗaya.

Akwai kuma kuskuren da ganda ke jawowa a kicin. Mace za ta ɓare shi ta zuba a bilenda har da baƙaƙen ƙwallayen, ta ce ai za a tace. Da zarar ƙwallon ya farfashe, dafinsa ya shiga ruwan, rariya ba za ta raba su ba. A wasu ƙasashe dakakken ƙwallon nan ake kashe ƙwari da shi, kuma in garinsa ya shiga ido yana yin mummunan raɗaɗi. Wanke hannu, ki raba ɗan itacen biyu, ki kwashe naman da cokali a roba mai faɗi, sannan ki bi shi da yatsu kina matsawa. Kowane ƙwallo yana cikin 'yar jakarsa, da kin matsa zai zame ya fito. Ki sake lalubawa karo na biyu kafin ki kunna inji, musamman in yara za su sha.

Masu hawan jini da masu ciwon suga su ma suna faɗawa. Gwaje-gwaje a kan dabbobi sun nuna ganyen yana saukar da hawan jini da suga, to in ka haɗa shi da ƙwayar da likita ya ɗora ka a kai, saukar na iya yin yawa, sai jiri da gumi da faɗuwa. Wasu kuma sukan jefar da ƙwayar ɗungurungum su riƙe ganye, wanda ya fi haɗari. Shi kansa ɗan itacen yana da suga kimanin giram 13 a kowane giram 100, guda ɗaya kuwa yakan haura kilo, don haka mai ciwon suga ya tsaya a ɗan yanki, kada ya ƙara masa suga ko madarar gwangwani mai zaƙi. Mai ciwon ƙoda da aka hana shi ayaba saboda fotasiyam, wannan ma sai da izinin likita.

Wajen saye, mutane kan ɗauko mai tauri kamar dutse su jefa a firiji, sai ɓawon ya yi baƙi, cikin ya ƙi nuna. Zaɓi wanda korensa ya fara haske, ƙayoyin sun baje sun yi laushi. Ajiye shi a inuwa cikin ɗaki kwana uku zuwa biyar, kana taɓawa kowace safiya. Ranar da ya lotsa ƙarƙashin yatsa kamar nunanniyar fiya, ranar ce ta shansa, domin da zafin Kaduna na watan Maris ko Afrilu kwana ɗaya ya isa ya yi lugub ya fara tsami. In ba za a shanye ba, a cire ƙwallayen, a ƙulla naman a leda kashi-kashi a sa a firiza.