Yadda na rabu da tsiron da ya fito min a dasashi

Cikina yana wata biyar wani ɗan tsiro ja ya ɓullo tsakanin haƙorana biyu na sama, kamar ƙwayar wake. Ba ya ciwo, amma ko tsinken sakace ya taɓa shi sai jini. Tuwo ma sai na tauna da gefe ɗaya. Inna ta ce in riƙa goga kanwa. Na goga kwana uku, wurin ya ƙara yin ɗanye, na bari.

Gaskiya ni ciwon daji na fara tunani, har barci ya gagare ni. Maigidana ya kai ni wurin likitar haƙori a nan cikin Katsina. Da ta duba ta ce: "Hajiya, kwantar da hankalinki. Dauɗar da ta daskare a gindin haƙori ce ke tsokanar naman, sinadaran jiki na lokacin ciki kuma suka sa ya kumbura fiye da kima." Ta ce haƙori mai kaifi ko ciko da bai zauna daidai ba ma kan jawo irinsa.

Ta kankare dauɗar, ta ce in riƙa amfani da buroshi mai laushi safe da dare, in kuskure baki da ruwan gishiri mai ɗumi. Yankewa kuwa ta ce a jira, domin yakan sake tohowa idan aka cire shi da ciki.

Bayan na yi arba'in ya motse, amma bai tafi duka ba. Aka yi min allurar kashe zafi aka yanke ragowar, aka tura ɗakin gwaji. Sakamako ya dawo ba daji ba ne.