Yadda Za a Kare Masu Kwana a Masallatai da Rumfuna Idan Kwalara Ta Ɓarke

A Legas, inda kwalara ta ɓarke a watan Yunin 2024, 'yan ci-rani marasa muhalli da ke kwana a harabar masallatai da rumfunan Agege da Mile 12 suna cikin haɗari sosai. Mai kula da wurin ya fara da ruwan sha: a tafasa shi, a rufe mazubinsa, a daina tsoma moɗar da kowa ya kai baki. A ajiye sabulu kusa da butoci.

Wanda ya fara gudawa mai kama da ruwan shinkafa, a ware masa tabarma da bokiti, a dama masa sukari cokalin shayi 6 da gishiri rabin cokalin shayi cikin lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ya riƙa kurɓa ana hanyar asibiti. Kada a jira wayewar gari, domin ruwan jiki yana iya ƙarewa cikin sa'o'i kaɗan. Lambar gaggawa ita ce 112.