Cottage cheese ba cukun suya ba ne

Duk sabon zuwa Ingila da ya yi kewar soyayyen cuku, ko wagashi kamar yadda 'yan Zango ke cewa a Gana, shagon unguwa yake nufa, kuma a nan ake tafka kuskure iri ɗaya. A firji za ku ga cottage cheese da cream cheese kusa da juna, duka farare. Babu mai soyuwa a cikinsu.

Cream cheese mai laushi ne, an yi shi da madara da kirim, irin su Philadelphia. Na shafawa a burodi ne. Da ya ji zafi sai ya narke.

Cottage cheese shi ne mai yaudara, domin gidajen abincin Indiyawa kan kira cukunsu, wato paneer, da sunan Indian cottage cheese. Na shago kuwa 'yan gudaje ne jiƙe sharkaf a cikin roba, ba a matse su ba. Kun zuba a mai, ruwan ya yi ta fantsama, sauran ya manne a kasko. Ga asarar kuɗi, ga ƙuna.

Abin da ke soyuwa paneer ne, sai halloumi na Kubrus. Shi halloumi gishiri ya yi masa yawa, ku jiƙa shi a ruwa rabin awa tukuna.

In kuna da lokaci, ku haɗa naku. A gida ruwan tumfafiya ake sa wa madara ta tsinke, a nan lemon tsami ke yin aikin. Ku sayi whole milk, wato madarar da ba a cire wa maiko ba, lita biyu, mai shuɗin lakabi. Mai ja an cire mata maiko, cukunta kaɗan ne kuma da tauri. Madarar kwali ta UHT ma ba ta kamawa sosai. Ku ɗora a wuta kuna juyawa kada ta kama gindin tukunya. Da ta fara tasowa ku sauke, ku zuba ruwan lemon tsami cokali uku zuwa huɗu, kaɗan-kaɗan, har ruwan ya ware ya zama garai-garai. Lemon ya yi yawa, cukun ya yi tsami ya farfashe. Ku tace da abin tatar koko, ku ɗaure, ku danne da tukunya cike da ruwa na awa ɗaya. Za ku samu kusan giram 300.

Sauran cuku masu tauri kuma, ku duba ko an sa musu rennet, wato abin da ake sa wa madara ta tsinke. Daga tumbin ɗan maraƙi ake samunsa, Parmesan na asali da shi ake yi. Ku nemi cukun da aka rubuta wa suitable for vegetarians, wato ya dace da marasa cin nama, ko mai tambarin halal.