Babi Na Bakwai: Yadda Jiki Ke Awon Kalsiyam a Jini

Darasi na farko

Ku ajiye fensir tukuna. Kowa ya ɗora yatsa a gaban wuyansa, ƙasa da maƙogwaro. Nan tayirod yake, wanda in ya kumbura ake cewa maƙoƙo. A bayansa akwai wasu 'yan gaɓoɓi guda huɗu, kowacce ba ta kai santimita 1 ba, ana kiransu paratayirod. Ba za ku ji su ba, kada ku matse wuya.

Kalsiyam shi ke ƙarfafa ƙashi da haƙori, kuma a can ne 99 cikin 100 nasa yake ajiye, kamar hatsi a rumbu. Ɗan abin da ya rage yana yawo a jini da tsoka, da shi zuciya ke bugawa, tsoka ke motsi, jini ke daskarewa in an ji rauni. Gaɓoɓin nan huɗu suna auna shi dare da rana.

Darasi na biyu

Nan ake tuntuɓe, to mu bi a hankali. In kalsiyam ya SAUKA a jini, paratayirod sai su ƘARA sakin wani sinadarin saƙo mai suna PTH. Ɗaya ya sauka, ɗayan ya hau. Ku faɗa da ƙarfi. Madalla.

PTH yana sa ƙashi ya saki kalsiyam cikin jini. Yana sa ƙoda ta rage zubar da shi a fitsari, ta kuma tayar da bitamin D don hanji ya tsotso ƙari daga abinci. Da jini ya samu isasshe, PTH sai ya ragu.

Yanzu ku rubuta: kalsiyam ƙasa, PTH sama. A layi na biyu: kalsiyam sama, PTH ƙasa. Wanda ya juya ya goge ya sake, ba abin kunya ba ne. To amma masu kwafa daga littafin na kusa ba tare da karantawa ba, ina ganinku. Haba! Sau nawa za a faɗa? In ya sauka, PTH hawa yake yi.

Darasi na uku

Kalsiyam ya yi ƙaranci: yatsu da gefen baki su riƙa yam-yam, tsoka ta ɗaure. Ya yi yawa: ƙishirwa, yawan fitsari, tsakuwar ƙoda. Gwajin jini a asibiti ne kaɗai ke tabbatarwa.

Darasi na huɗu

Tayirod ma yana sakin kalsitonin, mai ɗan rage kalsiyam a jini. A jikin babba aikinsa kaɗan ne. Ku kwafi sunan sau uku.