Aikin Tantance Makaman Soja: Inda Matasanmu Ke Tuntuɓe

Samarin unguwannin Nima da Mamobi na Accra da yawa, da zarar sun ji zancen aikin tantance makaman soja, riƙe bindiga ne ke zo musu a rai. Kuskuren farko ke nan. Mai wannan aiki ya fi daɗewa a gaban kwamfuta fiye da filin harbi, kuma lissafi ne jarinsa. Wanda ke gudun lissafi a sakandare ya gyara tun yanzu, ya nufi digirin ƙididdiga ko injiniyanci a Jami'ar Ghana da ke Legon ko jami'ar KNUST da ke Kumasi, ya koyi Excel da SQL da Python, kayan aikin sarrafa bayanai a kwamfuta.

Duk wanda ya ce ka kawo sidi kaza ya shigar da kai soja, ɗan damfara ne. Jira sanarwar Rundunar Sojin Ghana da kanta.

Kuskuren da ya fi damuna yana zuwa ne bayan an samu aikin: rubuta sakamako tsirara. Sai ka ga takarda, an harba goma daga mita 100, takwas sun samu abin da aka auna, shi ke nan. Ina lambar rukunin harsashin? Bakin bindigar ya ci harsashi nawa kafin yau? Da sanyin safiya aka harba ko da tsakar rana? Zafi na ƙara wa harsashi gudu, ga kuma iska. In ramukan sun taru wuri guda amma gefe da tsakiya, saiti ne ya kauce. In kuwa sun warwatse, a binciki harsashi, bakin bindiga ko maharbin. Wanda ya haɗa su ya fitar da matsakaici kawai ya binne wannan bambanci.

Kada kuma a share harbin da ya ƙi tashi don rahoto ya yi kyau a idon oga. Wallahi wannan layin na rahoton ya fi sauran daraja, domin sojan da ke bakin daga shi zai ɗauki bindigar. Ƙaramin saɓani ma kisa yake yi: a Fabrairun 1991, agogon na'urar Patriot ta Amurka, mai kakkaɓo makamai masu linzami, a Dahran, ƙasar Saudiyya, ya kauce da kusan sulusin daƙiƙa bayan aikin awa 100 ba hutu. Makami mai linzami na Iraƙi samfurin Scud ya wuce ba a tare shi ba, sojoji 28 suka mutu.

Bayanan ofis kuma ba sa hawa WhatsApp, ba sa bin ka gida a filashi. Ka ajiye na asali yadda aka ɗauko shi, ka yi aiki a kan kwafi, ka rubuta wanda ya canza me da ranar da ya canza.